Randar Malam Bawa

Satin da ya wuce samari uku suka yi sallama a zaurena, kowa da waya a hannu. Bayan mun gaisa sun sha ruwa, babbansu ya miƙo mini tasa wayar ya ce, "Baba Lawali, duba wanga. Minti huɗu mutumen ya yi ya gama bayani. Bututu na, da ruwa, da taki. Mu ma muna so mu hwara bayan Salla, kai dai gwada muna inda ake sayen kayan."

Na kalli bidiyon har ƙarshe. Latas ne kore shar a jere cikin farin bututu, ga wani mai farar riga yana murmushi, ko gumi babu a goshinsa. Na mayar masa da wayar na ce su dawo wata rana. Bakina ba ya bin tsari, in na fara magana sai in tsinci kaina a wani wuri daban, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Ku karanta kafin wani ya sayar da babur ɗinsa ko akuyar mahaifiyarsa.

Ni mutumin Birnin Tudu ne. Gonarmu ta gado tana nesa da gari, kuma tun da aka fara ɗauke mutane suna tsaka da noma muka bar wa ciyawa ita. Na dawo Mafara na kama kabu-kabu. A lokacin ba abin da na sani sai babur da littattafan soyayya. Kullum akwai ɗaya a aljihuna, in babu fasinja sai in jingina da gindin dogon yaro in karanta, ina jiran ranar da wata za ta kalle ni ta sunkuyar da kai kamar yadda ake rubutawa. Abin da Allah ya kawo mini a madadinta wani tsoho ne mai ɗangalallen wando, ranar Talata a bakin kasuwa, da bututun roba shida a ɗaure. Ya ce Gidan Goga za mu.

A hanya na ce, "Malam, famfo za ka ja wa gari?"

Ya ce, "Gona za ni yi."

"Cikin bututu?"

"Awo. Tunda sun hana mu ƙasa sai mu koma ruwa. Ban taɓa jin an kora bututu daji ba."

Sunansa Malam Bawa. Tsohon malamin gona ne, ya yi aikin noman rani shekaru da yawa kafin ya ajiye ya koma gida. Lambun nasa a bayan ɗaki yake, bai fi wurin ɗaure awaki goma ba. Rumfa ce ta zana da raga, a ƙarƙashinta bututu a kwance kan gwafanni, kowanne da huji-huji, kowane huji da ɗan kofin roba, kowane kofi da shuka. An binne tanki a ƙasa. Wani ɗan famfo mai aiki da sola yana ɗaga ruwan zuwa sama, ruwan ya bi bututu ya gangaro ya koma tankin, ya sake hawa. Ƙarar ba ta fi raɗa ba. Malam ya ɗaga latas ɗaya ya nuna mini ƙasansa. Saiwar fara tas, doguwa, tana zubar da ruwa a hankali kamar gashin da aka wanke ba a taje ba. Duk abin da na karanta game da kallon farko, a nan ya same ni, a bayan ɗakin wani tsoho. Ban bar gidan ba sai bayan shekara biyu.

Aikin da aka fara ba ni shi ne huda bututu. Gwangwanin madara ake sa wa a wuta har bakinsa ya yi ja, a kama shi da filaya a danna. In ka yi sauri robar ta tsage, in ka yi jinkiri ta narke ta zubo ciki, kuma wannan ɗan tudun da ya zubo zai tare saiwa wata rana ya toshe ruwa. Na ɓata bututu biyu kafin hannuna ya faɗa. Daga nan sai ƙona ɓuntun shinkafa, wanda ake cika kofunan da shi a madadin ƙasa. Ba toka ake so ba, baƙi ake so kamar gawayi, don haka tsayawa za ka yi a kansa kana juyawa, hayaƙi yana cin idonka. Sai gangara: kowane tsawon gaba guda na bututu, a sauke shi da yatsa biyu. In ta fi haka ruwa ya wuce da gudu bai gaisa da saiwa ba, in ta gaza ya kwanta ya ɗumama. Sai taki. Iri biyu ne, kowanne da robarsa, kuma in ka kuskura ka haɗa su da kauri kafin su shiga tanki za su yi fari su kwanta kamar ƙullun koko, shuka ba ta ci, ka yi asara. Sai takardar gwaji, 'yar siririya, a tsoma a duba launi. Da azahar kuma ka tura hannu cikin tanki har gwiwar hannu. In ka ji ruwan kamar na wankan jariri, ka nemo buhuna ka jiƙa ka rufe, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska, saiwa kuma numfashi take yi kamar ni da ku.

Duk wannan za ku iya koya cikin wata uku. Abin da mai farar riga bai faɗa muku ba shi ne ruwan guda ɗaya ne, zagayawa yake yi. Manomin ƙasa in cuta ta shigar masa, kusurwa ɗaya take ci ya tsira da saura. Mu abin da ya shiga kofi ɗaya da hantsi, kafin azahar ya ziyarci kowa. Akwai ruɓar saiwa da ke zuwa da zafi. Ganye yana nan kore yana yaudararka, saiwa kuma ta riga ta mutu. Maganinta ba a kanti yake ba. A gidan Malam, a cikin randa yake.

Randar tana gindin lemun tsami, babba, baƙa, ta kai mini ƙugu. Wata uku ban da izinin taɓa ko murfinta. Ranar da ya buɗe mini, na ga tsingaro cike har rabi, ruwa a kai mai launin shayin da ba a sa wa madara ba, ga wani siririn tiyo daga ɗan injin iska irin na masu kiwon kifi yana ɓulɓula a ciki. Jikin tsingaron duk santsi.

Ya ce, "Ga ma'aikatana. Ba su barci, ba su zuwa biki."

Bakteriya yake nufi, ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ya ce wasu suna lulluɓe saiwa su cika wurin, in ruɓa ta zo ba ta samun inda za ta zauna. Wasu kuma suna juya taki su mai da shi abin da shuka za ta iya haɗiya.

Na ja baya na ce, "Malam, ai waɗannan su ne ake cewa a wanke hannu saboda su."

Ya ce, "Kai, mai littahi. Kana shan nono?"

"Ina sha."

"In mai nono ta zo ka tambaye ta mi take zuba ma sabuwar madara ta kwana ta zama kindirmo. Ɗan tsohon nono na. Ita ma wajen uwatta ta samo. To wagga randa uwa ta. Sunkuya ka shaƙa."

Na sunkuya. Ƙamshin ƙasa ne a ranar ruwan farko. Ya ce duk ranar da na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, in yi salati, an yi mutuwa.

Shekara bakwai ya yi yana haɗa ta. Ya fara da wani garin magani da abokinsa ya kawo masa daga birni, amma zafinmu ya fi ƙarfin abin. Sai ya riƙa ƙarawa: laka daga gindin shukar da ta fi lafiya a fadamar Ruwan Gizo, ruɓaɓɓen ganye daga ƙarƙashin tsohuwar tsamiya, ruwan wankin shinkafa, tsararon ruwan nono. Ya haɗa, ya gwada a bututu ɗaya, in saiwa ta yi duhu ya zubar ya sake. Ya ce shi kansa bai san su wa da wa suka rage a ciki ba, ya dai san sun saba da bazararmu. Abincinsu mazarƙwaila ce kamar kan babban yatsa, sau ɗaya a mako. Kowace Juma'a a ɗebi moɗa biyu a zuba a tanki, a mayar wa randa da ruwan da ya kwana biyu a buɗaɗɗen baho.

Matarsa, Inna Asabe, ba ta taɓa shiri da randar ba. Mace ce mai tsafta, wadda in ka ajiye kofi ka juya kafin ka waiwayo ta wanke shi. In ta zo shara sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Randa guda mai kyau cikin gidanga, an mai da ta ɗakin kwaɗi. Malam, bari in ɗauraye ta ko sau guda, baƙi na shigowa."

Shi kuma ya ce, "Asabe, bar min abina."

Iyakar bayanin ke nan. Malam zai tsayar da baƙo awa biyu a rana yana yi masa karatun saiwa, amma bai taɓa zaunar da matarsa ya faɗa mata abin da ke cikin randar ba. Ni ma da na ci tuwonta shekara biyu ban faɗa mata ba. Ba a saba ba, kuma bai zo mana a rai ba.

Ranar da ya sallame ni ya cika mini jarka, ya naɗe tsingaro biyar a jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Ba a sayar da ita. Kuma wanda duk ya roƙe ka, ka ba shi. Uwa ba ta zama gida guda, Lawali. Ka jiya?" Na ce na ji.

Na kafa nawa a nan Mafara, a filin da kuka gani bayan zauren nan, da 'yar tukunyata ta uwa a gefe. Wadda ta fara saye Hajiya Ige ce, mai abinci a tasha. Na kai mata latas a tsakiyar azumi, lokacin da na fadama duk ya yi kara ya yi ɗaci. Ta juya shi, ta leƙa gindinsa, ta ce, "Kai Lawali, wanga ko ƙasa babu. Na roba na?"

Na ce, "Hajiya, ɗanɗana."

"Da azumi a bakina, ɗan nema? Aje nan. In munka sha ruwa ya kashe ni, ka san gidanmu, kai za ka yi ma ɗiyana bayani."

Washegari ta aiko a kawo duk abin da ke akwai. Ita ta ja mini masu salak da matan da ke sayar da abinci a gida. Da damina kuma, lokacin da tumatir ke ɓacewa a kasuwa, nawa yana nuna a ƙarƙashin rumfa. Ba kowa ya yarda ba. Akwai dattijon da har ya rasu bai ci ba, wai abin da bai taɓa ƙasa ba ba shi da albarka, amma kullum sai ya shigo ya zauna ya saurari ruwan, ya ce yana tuna masa da gonarsa ta bakin gulbi. Shekara huɗu na yi haka. Da bazara in na ɗaga shuka, saiwar fara kamar ranar da na fara ganinta.

A shekara ta uku wani Garba daga Bakura ya zo har sau biyu yana roƙon uwa. Ya kafa nasa bututun, ruɓa tana cinye masa. Na dube shi na hango shi da kwandon latas a gaban Hajiya Ige. Na ce masa tawa ba ta yi ƙarfin da za a raba ba, ya dawo baɗi. Bai dawo ba, na ji ya kwance kayan ya tafi Legas. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai mugunyar shekara. Da damina amai da gudawa suka shigo unguwarmu, ma'aikatan lafiya suka bi rijiya-rijiya suna zuba magani. Daidai suka yi, sun ceci rayuka, har da na gidana. Kuma sun faɗa cewa sun zuba a tamu rijiyar, na ji da kunnena. Maganin da ke kashe mugun ƙwaro a rijiya ba ya tambayar wane ne na kirki, na san wannan tun a gidan Malam. Amma bayan kwana biyu wata gwiwar bututu ta saki ina kasuwa. Na dawo da azahar na tarar tanki ya kusa ƙafewa, famfo yana jan iska, latas ya kwanta a kan bututu kamar an yi masa duka. Ruwan da na kwantar a baho bai kai ko'ina ba. Na ɗauki guga na nufi rijiya. Ina ja ina zubawa, ina ja ina zubawa, warin maganin yana dukan hancina, ina ce wa kaina ai ya kwana biyu ya yi sanyi. Da tanki ya cika na kwashe fiye da rabin tukunyar uwa na zuba a ciki don ta taimaka. Sai na ga tukunyar ta yi ƙasa, tsingaro a waje. Guga yana hannuna. Na cika ta.

Latas ya miƙe kafin la'asar, har na yi hamdala. Kwana uku ba abin da ya faru. A na huɗu na buɗe tukunya na sunkuya, babu ƙamshin ƙasa, babu komai, kamar ruwan kwalba. A na bakwai warin ƙwai ya fito. Na ɗaga shuka, saiwar ta koma launin ƙasa, na ja ta da yatsa biyu fatar ta saɓule kamar ta jiƙaƙƙen wake, ta bar zare. Na bi kofi-kofi har ƙarshen bututu na ƙarshe. Ko ɗaya.

Da ƙyar waya ta shiga Gidan Goga. Malam bai yi faɗa ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ya ce, "Ka ba wani?" Na ce ban ba kowa uwar ba. Ya ce, "To. Taho da jarka."

Amma hanya ta lalace. Direbobi sun daina zuwa sai an taru da yawa an samu rakiya, wani mako a samu, wani mako a fasa. Sati uku ina zuwa tasha da jarka ina dawowa da ita. A cikin na uku aka aiko Malam ya rasu. Ba harsashi ba ne. Ciwon da ya daɗe yana fama da shi ne ya tashi, aka rasa wanda zai fito da mota zuwa asibiti.

Ranar sadakar uku aka samu tafiya, na bi ayari a kan babur, jarka a ɗaure a baya. Na sauka a ƙofar gida, tabarmi a shimfiɗe, mutane cike. Na durƙusa gaban ƙanen Malam, wanda shi ne babba a wurin.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa."

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Kun taho lahiya? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Allah ya ba da lada. Kai ma ai uba ka rasa."

Aka matsa mini na zauna. Inda na zauna jikin katangar lambun ne, kuma duk lokacin da aka shafa fatiha aka yi shiru, ina jin ta. Ɓul, ɓul, ɓul. Sola ba ta san an yi rasuwa ba. Tsakanina da randar bai fi taku goma ba. Na shirya maganar a bakina ya fi sau ashirin. Amma ku faɗa mini, da wane baki mutum zai zo gaisuwar wanda ya riƙe shi shekara biyu, ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ya ce a ba shi wani abu daga cikin kayan mamaci? Kayan da ba a raba ba, hakkin marayu? Kafin in kai bakin gari an ce Lawali ba gaisuwa ta kawo shi ba.

Aka kai ni na gai da Inna Asabe daga bayan labule, tana takaba. Ta yi kuka, ta ce Malam ya yi ta ambatona. Da na fito, ƙanen Malam ya rako ni wurin babur, ya ga jarkar.

Ya ce, "Wagga hwa? Ko akwai abin da za a zuba maka?"

Ya tambaya da bakinsa. Mutum biyar suna tsaye suna kallonmu.

Na ce, "A'a, Baba. Ta fetur ce."

Ayari ya tashi kafin la'asar, na bi su. Na ce wa kaina randa ba ta tafiya ko'ina, sola tana aiki, yunwar 'yan makonni ba za ta kashe uwa ba. In an yi arba'in zan dawo in roƙa a mutunce.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki saƙo ya zo daga Inna Asabe: in zo, Malam ya bar mini wasiyya, kuma su za su tashi su koma cikin Maradun. Ban taɓa gudu a hanyar nan kamar ranar ba. Na wanke jarka da ruwan da ya kwana, na jiƙa buhu, har waƙa na yi a kan babur.

Na tarar an kwance bututun an jingine. Gindin lemun tsami babu komai sai zagayen da gindin randa ya bari a ƙasa. Inna ta yi magana daga ƙofar ɗaki, muryarta da ɗan haske a karon farko.

Ta ce, "Lawali, kwana biyu kahin ya cika yac ce, randar nan ta Lawali ta, kowa ya shaida. Magada duk sun yarda. Ga ta can cikin inuwa."

Tana nan a kife a kan sabuwar tabarma. Ban taɓa sanin randar ja ce ba sai ranar.

Ta ce, "Wallahi ta ba ni wuya. Har ranar da niz zubar tana ta ɓulɓularta. Kwana ukku ina gurza, da toka da yashi da soso, santsin nan kamar ba shi hita. Na shanya ta rana mako guda, sannan na turara ta da kajiji. Ina ni ina ba ɗan mutane kaya da dauɗa, abin tunawa da Malam? A ce daga hannuna ta hito haka? Shekara nawa ina jin kunyar randar nan."

Na ce, "Inna, tsingaron da ke ciki fa?"

"Tarkacen? An kai juji, an sa wuta tare da shara."

"Ruwan kuma?"

"Nan gindin lemu. Ya kwana goma sha. Mi ne, ko akwai wani abu ciki?"

Na ɗaga randar na leƙa. Ƙamshin kajiji ya bugo ni, mai daɗi, irin na ɗakin amarya. Hannun Inna na gani a bakin labule, duk yatsun sun tsattsage saboda toka.

Na ce, "Babu komai, Inna. Ta yi kyau ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Na san za ka ji daɗi."

Kafin in fita na durƙusa a gindin lemun kamar ina gyara takalmi, na cika aljihuna da ƙasar wurin. Busasshiya ce, awaki sun tattake ta. Na ɗaure randar a bayan babur da igiya da tsumma, jarka a gaba, wofi.

Shekara uku ke nan. Na jiƙa randar sati biyu da mazarƙwaila ko wani abu ya ɓuya a cikin jikin yumɓun, ba abin da ya tashi. Ƙasar aljihuna ta ba da wani abu mai kumfa, na gwada a bututu ɗaya, saiwa ta yi duhu. Na sayi garin magani na kanti, yana aiki da sanyi, bazara na shigowa ya sare. Na je Ruwan Gizo neman laka, aka ce fadamar da Malam yake ɗiba yanzu ba mai zuwa sai wanda ya shirya kwana a daji. Ina da tukwane huɗu a baya da nake gwadawa, amma Malam shi ya san abin da yake nema, ni hanci kawai ya bar mini. Bututu goma sha biyu nake da su a da, yanzu uku ke aiki, su ma daga sanyi zuwa farkon zafi. Azumin bana Hajiya Ige ta aiko, na ce babu. Ta ce wa ɗan aiken, "Ce mai ko na robar ya kawo." Daga Gusau ake kawo mata yanzu. Na koma kabu-kabu da rana. Da na ba Garba moɗa biyu, Bakura ba ta da nisa.

To ga amsarku. Inda ake sayen bututu da famfo zan nuna muku, ba nisa, layin masu kayan gini ne. Zan koya muku huji da gangara da taki, ba na ɓoye wa kowa komai yanzu. Amma abin da ke sa saiwa ta yi fari da bazara ba ni da shi, kuma ban san wanda yake da shi ba a ƙasar nan. Wanda ya shirya ya ba shi shekara bakwai ya zo mu nema tare. In Allah ya sa wani ya dace, ya raba ta gida uku tun ranar, ya kuma zaunar da matarsa ya buɗe mata murfin.

Ranar da kuka zo, ƙaraminku ya ɗebi ruwa a kusurwar zaure, ya sha moɗa biyu, ya ce bai taɓa jin ruwa mai sanyi da ƙamshi haka ba. Ya shafa jikin randar ya tambaye ni ko ita ma tana cikin kayan aikin da za ku saya.

Na ce masa a'a. Wannan ta shan ruwa ce kawai.